Hoton da aka haɗa a rumfata ya raba Kawu da amininsa

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina.

Ni mai cajin waya ne a Rijiyar Lemo, cikin Kano, shekarata goma sha ɗaya ke nan a wannan sana'a. Rumfar kwano ce, da allon soket, da ɗan janareta, da wata tsohuwar kwamfuta da nake tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi da fina-finai a memori. Masu zuwa wurina 'yan adaidaita sahu ne, da 'yan garuwa, da leburori, da mahauta, da yaran da matan aure ke aikowa da waya ƙulle a leda. Yawancinsu ba sa sayen data. Duk abin da ake yayi a Facebook ko TikTok, ta hannun irina yake isa gare su. Saboda haka ina ganin ina da bakin magana a kan hotuna da bidiyon barkwancin siyasa da suka cika wayoyinmu, domin na san hanyar da suke bi, kuma ni ma ina da alhaki a wuyana.

Ana saura 'yan makonni zaɓen 2023, lokacin nan da aka canza fasalin kuɗi, mutum na da kuɗi a banki amma ya rasa na sayen koko, samari sun cika bencin rumfata ana ta hirar siyasa. Sai wani yaro ɗan unguwarmu, mai kaifin basira, ya ɗauko hoton wani ɗan takara a wayarsa, ya rubuta a ƙasa wai ɗan takarar ya ce shi ba ya bukatar ƙuri'ar 'yan garuwa da masu tura baro, don ko wanka ba su iya ba. Ya jera fuskokin dariya uku, ya ƙara da "wasa ne fa". Bai kai minti biyar yana yi ba. Muka yi dariya har da tafa hannu, domin dukkanmu mun san mutumin bai faɗa ba, izzarsa ce ake yi wa zambo. Wani ya ce a tura masa, wani ma ya ce a tura masa. Ni kuma na zuba hoton cikin tarin barkwancin da nake ƙara wa duk wanda ya kawo memori, a matsayin gyara.

Bayan kwana goma hoton ya dawo min a wayar wani mai adaidaita. An yanke ƙasansa, babu fuskokin dariya, babu "wasa ne fa". An manna masa tambarin wata babbar kafar labarai ta ƙasar waje, an sa kwanan wata, an rubuta "da ɗumi-ɗumi" da jan rubutu a sama. Mai adaidaitan yana nuna min yana huci.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon direban babbar mota, ya haura shekara saba'in. Ajami yake karantawa, bai yi boko ba. Lokacin da ya shigo Kano yana saurayi, da garuwa ya fara neman abinci, kuma har gobe yana alfahari da hakan, yana nuna wa jikokinsa kantar da sanda ta bar masa a kafaɗa. Jikansa ne ya karanta masa hoton. Yana da amini mai sayar da goro, magoyin bayan wancan ɗan takara, wanda suka fi shekara arba'in suna haɗa kwanon tuwo a ƙofar gida bayan sallar isha'i. A daren Kawu ya tayar da zancen. Aminin ya ce ƙarya ce. Kawu ya ce, "Ni kake ƙaryatawa?" Magana ta ja magana, har Kawu ya ce masa ashe shi ma kallon ƙazamai yake yi musu duk shekarun nan. Washegari kowa ya ci tuwonsa a cikin gida.

Da labari ya zo min, na rufe rumfa na je na durƙusa gabansa. Na ce, "Kawu, wallahi a gabana aka haɗa hoton nan, a kan bencina, na san yaron da ya yi." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, abin da na gani da idona, da tambarin gidan rediyo a jiki? Nawa suka ba ka?" Edita, har yau in na tuna wannan tambaya sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Mutumin da ya goya ni ya fi yarda da tambarin da aka manna a waya a kan rantsuwata. Ban kuma ga laifinsa ba. Shekara hamsin yana sauraron gidan rediyon nan da asuba, ya saba in sun faɗi magana ta zauna. Amanar da suka yi shekaru suna tarawa ce aka sace aka yaudare shi da ita. Limamin unguwa ya shiga tsakani bayan ƙaramar sallah, yanzu suna gaisawa, suna bin jana'iza tare, amma kwanon tuwon bai sake haɗuwa ba.

Tun daga nan nake jayayya da abokaina a majalisa, kuma jayayyar ce ta sa na ɗauki biro. Duk sanda aka kawo irin wannan hoto na ce ba gaskiya ba ne, amsa biyu nake samu. Wasu su ce, "Haba, ai wasa ne, kai ka cika ɗaukar abu da zafi." Wasu kuma, kuma su ne suka fi tayar min da hankali, su ce, "To ko bai faɗa ba, ai halinsa ne, zai iya faɗa."

Masu cewa wasa ne, ina so su sani ba mu muka fara wasa da masu mulki ba, kuma ni ba na ƙin sa. Bahaushe ya gaji zambo da habaici. Amma maroƙin da ke yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo a fili yake tsayawa, kowa na ganin fuskarsa, kowa ya san a gidan wa yake cin abinci. In ya ce kan wane kamar tulu, babu mai ɗauko igiya ya je aunawa. Ɗan kama in ya naɗa rawani ya buɗe takarda yana jan baƙi a kan tuwo da miya, ko yaro ya san ba tafsiri ake yi ba. Ɗan tashe in ya manna gemu, ana ganin audugar. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, su rabu suna dariya, domin su biyun sun san taubasantaka ce. A duk waɗannan, mai yi da mai ji sun yarda wasa ake yi. Ranar da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, sunan abin ya canza, ya zama yaudara. Wanda ya yanke "wasa ne fa" daga ƙasan hoton nan ya manna tambari, ya san sarai abin da yake yi. Mu ma da muka saki hoton ba tare da tunanin inda zai kwana ba, ba mu fita ba.

Ina sha'awar zanen barkwancin da Mustapha Bulama ke yi a Daily Trust saboda wannan dalili. Zai zana ɗan siyasa da ƙaton tumbi da 'yar ƙaramar ƙafa, ya faɗi maganar da marubuci zai cika shafi bai faɗa ba, sannan ya sa hannu a gefe. Kowa ya ga zane ne, kowa ya san mai shi. In ya yi kuskure, an san wanda za a tuhuma.

Su kuwa masu cewa "ai halinsa ne", tambayata gare su ita ce: in har halinsa ne, me ya hana ku kawo abin da ya faɗa da bakinsa? 'Yan siyasarmu ba su bar mu da yunwar abin faɗa ba. Alkawuran da suka yi a kan dandamali suna nan a faifai, asibitocin da aka ƙaddamar babu magani suna nan a tsaye, farashin man fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki bayan jawabin rantsar da Shugaba Tinubu na 29 ga Mayun 2023 kowa ya ji shi a aljihunsa. Wanda ya bar waɗannan ya ƙirƙiro magana ya sa a bakin mutum, kyauta ya yi wa mutumin. Gobe in aka fito da bidiyon gaske na ɓarnarsa, magoya bayansa za su ce, "Ai haɗi ne, irin na rannan." Ina jin wannan kalma a rumfata kullum. Yanzu an kai matsayin da duk abin da ya taɓa gwanin mutum haɗi ne, duk abin da ya taɓa abokin hamayya kuwa gaskiya ce ko da bakin mai maganar bai dace da sautin ba.

Mu tuna zancen Jubril na Sudan. Marigayi Shugaba Buhari ya yi sama da kwana ɗari a Landan yana jinya a 2017, fadarsa ta ƙi faɗa wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa, sai aka cike gurbin da labarin cewa ya rasu an kawo wani mai kama da shi. Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar kafa Biyafara, ya riƙe zancen yana yayatawa. Hotunan da aka kafa hujja da su duk sun biyo ta kwamfutata: ga kunnensa na da, ga na yanzu, an zagaye da jan layi, ga shi yana rubutu da dama, ga shi yana yi da hagu. Wannan na hagun, duk wanda ya taɓa ɗaukar kansa hoto da kyamarar gaba ya san yadda waya ke juya hoto kamar madubi. Dannawa ɗaya ce. Amma na ga manya masu iyali suna dafa Alƙur'ani a kai. Abin da mutane da yawa suka fara turawa don nishaɗi ya kai har shugaban ƙasa ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana tabbatar wa 'yan Najeriya cewa shi ne da kansa. A Yulin 2025 ya rasu a Landan aka kawo shi Daura aka binne, Allah Ya jiƙansa, kuma a ranar ma sai da na ji mai cewa ai tun tuni ya rasu.

Haka aka yi a Oktoban 2019 da katin ɗaurin auren ƙarya tsakanin Buhari da minista Sadiya Umar Farouq, har da rana da wuri, Juma'a 11 ga wata. Aka yi ta haɗa hotuna da waƙoƙin biki. Mu maza muka sha dariya, ba mu tsaya mun tuna cewa 'yar wasu ce, tana da iyaye da dangi da za su shiga kasuwa ana nuna su ba.

Akwai kuma wata illa da na daɗe ban gane ba, wato yadda dariya ke cinye tambaya. A farkon 2018 hukumar JAMB ta ce wata ma'aikaciyarta a Makurdi ta shaida wa masu bincike cewa maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36, ita kuma daga baya ta musanta cewa ta faɗi haka. Hotunan maciji da ƙaton ciki suka cika gari. A Yunin 2019 abin ya zo gida, aka ce goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai, kuɗin shigar da gidan zu na Kano ya tara a bikin sallah. Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. Na tura hoton birin nan da hula da babbar riga ga mutane ba adadi. A cikin duk waɗanda na tura wa, ban tuna ko mutum ɗaya da ya dawo bayan wata guda ya tambaye ni inda aka kwana a kan kuɗin ba. Birin muka riƙe, kuɗin suka bi ruwa a tunaninmu.

Wanda ya fi buɗe min ido shi ne na ɓeraye. A Agustan 2017, da Buhari ya dawo daga jinya bai koma ofis ba, kakakinsa Garba Shehu ya ce ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin. Ƙasa ta ɗauka, aka zana ɓera da jar dara yana zaune a kujerar mulki, muna ganin mun ci fadar shugaban ƙasa da dariya. A 2025 shi Garba Shehun ya bayyana cewa ya jefo zancen ɓerayen ne don ya kawar da hankalin jama'a daga batun lafiyar shugaban. Ashe lokacin da muke ƙyaƙyatawa, aikin da aka tsara mana muke yi, kyauta, da cajinmu da datarmu. Tun daga ranar nake tambayar kaina, duk sanda wani abin dariya ya mamaye wayoyi dare ɗaya, wace magana ce ake so mu manta?

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a kama masu barkwanci. Allah Ya kiyaye. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana talatin, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse saboda rubutun layi ɗaya a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. Waɗannan abubuwa sun ɓata min rai ƙwarai. Yaran nan da fuskarsu da sunansu suka fito, ba su ɓuya a bayan tambarin kowa ba. Kano ce garin da aka kafa NEPU a 1950, kuma dattawanmu suna ba mu labarin yadda aka riƙa ɗaure 'ya'yanta ana yi musu bulala a kan magana da waƙa. Bai kamata jikokinsu su ga an dawo da wannan ba. Abin lura kuma, hukuma ba ta taɓa tashi don an yaudari irin su Kawu ba, sai in an taɓa babba. Wanda ya sha bulala shi ne mai wasa a fili. Masu haɗa ƙaryar da gangan, waɗanda ake biya kuɗin data duk wata, suna zaune lafiya a inuwar iyayen gidansu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha da sahabbansa amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Ya kuma ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Da na san a lokacin cewa "turawa" ma faɗi ce, da ban zuba hoton nan a memorin kowa ba.

Yanzu abin ya ƙara wuya. Da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar mutum, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa mafarkinsa ba, da Hausarsa da irin tarinsa. Ana rage saurin bidiyo don mai magana ya zama kamar ya sha wani abu. Ana yanko daƙiƙa goma daga jawabin awa guda, a jefar da "ba" ɗin da ke ƙarshen jimla, ma'ana ta kife. WhatsApp ya taƙaita yawan mutanen da za a tura wa saƙo lokaci ɗaya, yana kuma sa alamar kibiya biyu a kan wanda ya zagaya da yawa. Amma abin da ya bi ta Xender ko Bluetooth ko memori ba ya ɗauke da wata alama. Yana isa ga matar da ke cikin kulle a wanke tas, babu tarihi, babu mai musantawa a ƙasa. Masu binciken gaskiyar labari irin su Dubawa suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu, sai dai yawancin aikinsu yana kan intanet, a rubuce, mutanena kuwa ba sa zuwa can.

A rumfata na kafa wa kaina doka. Duk hoton da ke ɗauke da tambarin kafar labarai, sai na shiga shafinsu na gani da idona kafin ya shiga kwamfutata. In magana ce aka jingina wa mutum, sai na nemi cikakken bidiyon. In hoto ne na taro ko na rikici, ina saka shi a Google in ga ko tsoho ne, kuma sau da yawa sai in tarar na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Barkwancin da ke nuna kansa barkwanci ne ina turawa da hannu bibbiyu, ko wa ya taɓa. Na rasa wasu masu ciniki saboda haka, wani ma ya kira ni ɗan kanzagin gwamnati da safe, da yamma wani ya kira ni ɗan adawa.

Ga roƙona gare ka, Edita, tunda ga zaɓen 2027 yana tahowa kuma na fara ganin sababbin haɗe-haɗe. Ku ware rabin shafi duk mako, ku ɗauko hotuna da bidiyon da suka fi zagayawa a makon, ku bi diddiginsu, ku buga da babban hatimi a tsakiyar hoton yadda ba zai yanku ba: wannan gaskiya ne, wannan ƙarya ne, wannan wasa ne. Ku yi wa kowace jam'iyya, domin ranar da aka ga kun karkata, aikin ya mutu. Sannan kada ku bar shi a takarda. Ku sa wani mai murya ya karanta shi cikin minti ɗaya ko biyu, ku sake shi a matsayin ɗan ƙaramin sauti da ko ƙaramar waya za ta ɗauka. Ku kuma ba matasa masu zane fili su yi zambonsu da Hausa, da sa hannunsu a ƙasa, su yaron unguwarmu su samu inda za su kai basirarsu.

Masu sana'a irin tawa muna da yawa a Kano, kusan kowane lungu akwai rumfa, kuma mun san juna. Ranar da kuka fara fitar da sautin nan, zan sa shi a kan kowace memori da ta shigo hannuna ba tare da na karɓi ko kwabo ba, zan kuma bi 'yan'uwana na Kurna da Bachirawa da Dawanau in roƙe su su yi haka. Na farkon da kuka fitar, da kaina zan kai wa Kawu bayan isha'i in kunna masa.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Mai cajin waya, Rijiyar Lemo, Kano.